Sandunan Aro a Ɗakin Inna

Ɗakin Inna na ƙasa ya fara gajiya tun Baba yana da rai. Duk shekara sai an yi masa yaɓe, duk shekara kuma ruwa ya wanke yaɓen ya bar mu da tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo. Daminar da bangon gabas ya zube ya danne mata tukwane, Yaya ya zo ya tsaya a kan tarin ƙasar ya ce ya isa haka. Zai gina mata ɗaki na bulo, da rufin kankare, wanda ba ruwansa da iska balle gara.

Yaya shi ne ɗan farin Inna. Yana koyar da aikin gini a wata babbar makaranta a Kazaure, mu kuma muna ƙauyenmu a ƙasar Roni. Ni ce auta. Aurena ya mutu na dawo gida, ina koyarwa a firamaren garin, kuma duk wanda ya san ni ya san ina da baki. Hedimasta kansa sai ya shirya kafin ya kira ni ofis. Na faɗi wannan ne don a san cewa abin da ya biyo baya ba rashin iya magana ne ya jawo shi ba.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In tana da saƙo ni take ba, ko da yana durƙushe a gabanta. “Ce wa wancan ya ci abinci kafin ya hau babur.” Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta tare masa faɗa, ko ciwo yake ba ta tambaya sai ta bayan fage. Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin, haka aka rene ta, kuma a wurinmu wannan kunyar ita ce mutuncin mace.

Shi kuwa Yaya shekara da shekaru yana fama da toka. Ba tokar murhu ba. Wata toka ce mai laushi kamar garin alkama, wadda ke tashi da hayaƙi a masana'antun da ke ƙona kwal, a tare ta kafin ta fita sama. Daga kudu ake kawo masa ita a buhuna. Yana rage siminti ya cika da ita, har tokar ta fi simintin yawa, sannan ya kwaɓa da yashi da tsakuwa. A gidansa na Kazaure akwai ganga cike da ruwa, cikinta 'yan curin kankare masu kusurwa huɗu, yana tsamo su lokaci lokaci ya kai makaranta a matse su a inji har su fashe. Matarsa ta gaji da roƙon ya ba ta gangarta. Ni kuma in na je nakan tambaye shi ko duwatsun nasa sun jiƙu mu dafa.

Ba ya jin haushi. Ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani kamar ɗalibarsa. Ya ce kankaren siminti zalla yana kamawa da wuri, ya yi ƙarfinsa ya tsaya. Mai toka kuwa ba shi da gaggawa. Da farko rauni ne da shi, sai an yi ta ba shi ruwa, an bar shi a tallafe ya huta. Amma in aka yi masa haƙuri, ƙarfinsa yana ta ƙaruwa bayan wancan ya daɗe da tsayawa. Ya ce ya gwada ya sake gwadawa, ya tabbata. Da wannan kankaren yake son rufa wa Inna ɗaki, don a ganinsa shi ne mafi kyawun abin da ya iya a duniya.

Da bazara aka zuba rufin, ranar wata Asabar, aikin gayya. A garinmu ba a hayar sandunan da ake tokare katako da su kafin a zuba kankare a kai. Aro ake yi. A lokacin harawa ta ƙare, rumfunan da ake jibge ta sun zama wofi, don haka kowa ya tuge nasa ya kawo. Baffa, ƙanin Baba, wanda shi ne ubanmu tun da Baba ya rasu, ya kawo na marke, dogaye miƙaƙƙu, kafinta ya zaɓe su ya jera a tsakiyar ɗaki inda nauyi ya fi yawa. Maƙwabta suka kawo nasu. Ɗakin ya cika da itatuwa har mutum sai ya karkace kafin ya ratsa.

Da aka gama aka ci tuwo, Yaya ya miƙe ya yi godiya. Ya ce yana roƙon alfarma, wannan rufin ba irin wanda aka saba ba ne, a bar sandunan kamar wata uku. Kowa ya ce to. Maginin garin ya yi murmushi ya ce shi dai sati uku yake kwance nasa, amma malamai sun fi mu sani. Na lura babu wanda ya ɗauki wata ukun da gaske. Sun ɗauka irin maganar 'yan boko ce, a faɗi da yawa don a samu kaɗan.

Ba a rufa mako ba mota ta kaɗe Yaya a kan babur, a hanyarsa ta dawowa daga Babura. Cinyarsa ta karye, aka wuce da shi asibiti a Kano, aka sa masa ƙarfe. Matarsa ta tare a can. Inna ba ta ce a kai ta ba, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai daina cin abinci, ta ce zafi ne ya hana ta.

Rufin ya zama nawa. Da safe kafin in tafi makaranta, da la'asar in na dawo, nakan je tuƙa-tuƙa in bi layi, in hau tsani da bokiti in jiƙa tsofaffin buhunan da Yaya ya shimfiɗa a sama. Rana tana shanye ruwan kafin in sauko. Kafaɗuna suka yi tsami, tafin hannuna ya yi kanta, na yi ta mita ni kaɗai a kan tsani ina cewa mutane suna renon 'ya'ya ni ina renon dutse. In Yaya ya kira daga gadon asibiti, kafin ya tambayi lafiyar kowa sai ya ce, “Kin ba shi ruwa?” In na ce na ba shi, sai ya ce, “Sanduna fa?” In ce suna nan yadda ya bar su. A lokacin gaskiya ce.

Sai ruwan farko ya sauka, da iskar da ta kwantar da dangar rabin garin. Aka yi shuka. Mai gari ya sa aka yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, wadda aka kama a gonar wani mai ita ya kuka da kansa. Duk wanda ke da akuya ko sa yana bukatar turke da 'yar rumfa, duk wanda dangarsa ta faɗi yana bukatar abin da zai tayar da ita. Itatuwan garin kuwa suna tsaye a ɗakin Inna.

Baffa ne ya fara zuwa, da hantsi, ranar da ba makaranta. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo masa ruwa. Ya tambayi mai jiki, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ce shanunsa sun kwana a sake, ya zo ɗaukar sandunansa.

Na ce, “Baffa, Allah ya ƙara girma, Yaya ya ce rufin bai kama ba tukuna.”

“Na ji abin da ya ce, 'yar nan. Ina wurin. Ai an wuce sati ukun. Na gidan ɗana a Gwiwa ko haka bai kai ba aka kwance, ga shi can har an ɗora wani a kai.”

“Wannan da toka aka yi shi, Baffa.”

“To ita tokar ba ta bushewa ne?” Ya ƙwanƙwasa gefen rufin da sandarsa, ya yi ƙara kamar dutse. Ya juya wajen ɗakin girki inda Inna take. “Innarsu, ko akwai magana?”

Inna ta ce daga ciki, “Wace magana, Malam? Ai kayanka ne. Mun gode da aro.”

Na kira Yaya na miƙa wa Baffa wayar. Ina jin muryarsa tana fitowa ƙasa ƙasa, yana ranka ya daɗe, yana roƙo. Shi ma ba zai ɗaga wa Baffa murya ba, ko yana tsaye da ƙafafunsa balle yana kwance. Daga ƙarshe ya ce in ya zama dole, a ɗauki na gefe a bar na tsakiya. Baffa ya ce Allah ya sawwaƙe ya ɗauki itacen wani. Nasa ya sani, akwai shaidar gatarinsa a jiki, su zai ɗauka. Ya yi wa Yaya addu'ar samun lafiya, ya miƙo mini wayar. Sandunansa kuwa su ne na tsakiya.

Da ya tafi na shiga ɗakin girki raina a ɓace. Na ce, “Inna, kalma ɗaya fa. Da kin ce a bari, Baffa ba zai tsallake maganarki ba.”

Ba ta ɗago daga tsintar wake ba. Ta ce, “In buɗe baki a gaban ƙanin ubanku in tare wa wancan? Ki bar ni da kunyata.”

Waken kirki take zubarwa tare da tsakuwa. Na gani, kuma duk da haka na ji haushinta har cikin raina.

Da aka ji Baffa ya ɗauki nasa, sauran suka biyo. Babu wanda ya zo da rashin mutunci. Kowa sai ya yi sallama, ya tambayi mai jiki, wani har da ƙwai ko nono a kai masa, sannan ya shiga ya laluba ya nemo nasa. Kowa cewa yake guda ɗaya ko biyu ba za su hana komai ba, ga sauran nan da yawa. Kuma kowa nasa yake nema, don babu mai son a ce ya ci amanar maƙwabci. Wata tsohuwa da ke bayan gidanmu ta zo da kanta, akuyarta ta ci shukar wani har an kai ƙara wurin mai gari. Tana magana tana share ido da bakin zane. Ni na riƙe mata tsani aka zare nata.

Na yi abin da zan iya. Ragowar bulon gini na jera su a tsakiyar ɗaki, na kifa tsohon turmi a kai, bai kai katakon ba sai da na cusa guntayen itace. Na sa aka saro mini rassan darbejiya, ɗanyu ne, suka lanƙwashe kamar ba a sa komai ba. Abin da za a sayi sababbi da shi duk ya tafi asibiti. Na je wurin Liman, ya saurare ni da kyau, ya ce zai yi magana bayan Juma'a, kuma ya yi, mutane suka ce to kamar yadda suka ce wa Yaya. Ni da ake tsoron bakina, na zama mai durƙuso da gaisuwa a ƙofar ɗaki, ina kallo ana fita da itace a kafaɗa. Yaya yana kira, ina gaya masa abin da ya rage. Wani lokaci ina jin ƙarar gadon ƙarfe, alamar yana ƙoƙarin tashi, da muryar matarsa tana cewa ya kwanta.

Rufin bai faɗo ba. Da ya faɗo ma ina ga da abin ya zo da sauƙin bayani. Wata la'asar bayan an ɗauke ruwa na hau tsani don in duba buhunan, sai na tarar ruwa ya kwanta a tsakiyar rufin, inda da yake gangarewa ya bi indararo. Na sauko na shiga ciki. Katakon ya yi ciki ya sauko, ya zauna a kan turmina. Ta inda wani katako ya zame na hango tsaga siririya kamar zare, tana ɗiga.

Na kira Yaya. Ya sa na ɗaura igiya daga bango zuwa bango a saman rufin, in ja ta miƙe, in gaya masa yatsu nawa ke shiga tsakaninta da kankaren a tsakiya. Na auna na gaya masa. Ya ce in sake aunawa. Na sake. Ya ce, “To,” ya kashe wayar, kuma ranar bai tambaye ni ko na ba shi ruwa ba.

Kafin mako ya zagayo ɗakin ya samu suna. Ɗakin toka. A majalisar bakin kasuwa aka ce ɗan boko ya yi wa uwarsa rowar siminti. Magini kuwa murmushinsa ya ishe shi. Baffa ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce dama tun ranar zubi jikinsa bai ba shi ba, kuma na tabbata har zuciyarsa bai ga hannunsa a ciki ba. Mutanen da suka roƙi Yaya ya yi musu kwalbatin hanyar kasuwa da irin wannan kankaren suka daina zancen. A gidan suna mata suka riƙa yi wa Inna jaje, irin jajen da ake yi da ido a kan fuskar mutum. Ta amsa kowanne da “Haka Allah ya so,” ba ta ƙara ko harafi ba.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da ɗakin da muke kwana ni da ita ya yi fili. Gadonta babu, akwatinta babu. Ta sa an ɓamɓare katakon, ta share sabon ɗakin, ko filasta ba a yi masa ba, ta jera kayanta. Gadon yana daidai ƙarƙashin inda rufin ya yi ciki, don nan ne kawai ya shiga, bulona da turmina suna tsaye a gefensa. Tana zaune a kai tana jan carbi.

Na yi faɗa, na yi roƙo, na yi kuka. Na ce Yaya da kansa ya ce kada kowa ya shiga. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “An gina mini ɗaki, na shiga. Wanda ya zo jaje gobe ya same ni a nan.”

Damina ta yi nisa kafin a sallamo Yaya. Ya sauko daga mota da sanduna biyu a hammata, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Bai zauna ba, ya wuce ɗakin. Ya daɗe yana kallon sama. Ya sa na miƙo masa guduma ya ƙwanƙwasa nan da can, ya bi tsagar da ido har bango. Sannan ya jingina sandunan, ya zame ƙasa da ƙyar, ƙafar a miƙe, ya gaishe da Inna. Ta juya ta amsa wa bango.

Ya ce, “Inna, ki yi haƙuri ki koma wancan ɗakin. Kankaren zai ci gaba da ƙarfi, wannan ban da shakka. Amma ya riga ya tsage, ruwa zai riƙa bi yana taɓa rodi, in rodi ya yi tsatsa ban san ranar ba. Ki bari in warke in fasa shi in sake.”

Inna ta gyara zama a kan gadon. Sai ta ce da ni, fuskarta tana bango, “Ce wa wancan ban taɓa kwana a ɗaki mai sanyin wannan ba. Ce masa ba wanda zai fasa mini shi ina da rai.”

Yana nesa da ita da taku kaɗan, amma na juya na maimaita masa, don haka ake yi. Tun da aka haife shi wannan ne yabo na farko da ya ji daga bakinta. Ya laluba sandunansa ya fita zaure, na ji yana fyace hanci, na tsaya a tsakar gida ban bi shi ba.

Da ya samu ƙafa ya gina ginshiƙi na bulo a inda turmina yake, ya dafa kwalta ya bi tsagar ta sama. Duk shekara kafin ruwa yakan zo ya sake bi. Gangar matarsa ta koma ta ruwan wanki, kuma ban ƙara jin ya yi zancen toka a garinmu ba. Bara na so in kafa ƙusa a rufin don in rataya wa Inna gidan sauro. Ƙusar farko ta lanƙwashe, ta biyu ma haka, ko alama ba su yi masa ba. Ƙarfin da Yaya ya yi alkawari ya zo, ya samu rufin a lanƙwashe, ya kama shi a haka.

Ban gaya wa kowa a gari ba, don babu mai tambaya. Ɗigon kuma bai daina ba. Kwanan nan ruwan da ke taruwa a kwanon da nake ajiyewa kusa da ginshiƙin ya fara yin ja, na ɗauki hotonsa na tura wa Yaya, ya duba bai amsa ba. In hadari ya haɗo da la'asar nakan ce wa Inna ta zo ɗakina mu yi hira, ita kuma takan ce ƙafarta na ciwo. Sai in ɗauko kwanon in ajiye, in zauna a bakin gadon kusa da ita.